Fom ɗin shiga mai harsuna da yawa wanda ba ya sake loda shafi

Fom ɗin shiga shi ne ɗan akwatin nan da ke tarbon mutum a bakin shafin intanet, inda ake rubuta suna ko imel ko lambar waya, a sa kalmar sirri a ƙasa, sannan a danna maɓalli. Irin wanga da ake magana a kai yana da abu biyu da sunka raba shi da na da: yana magana da harshe fiye da ɗaya, kuma in an danna shi ko an canja harshe rubutun da ke ciki kaɗai ke canjawa, shafin ba ya yin fari fat ya koma lodi tun daga farko. Dabarar da ke ƙarƙashin haka ita ake kira AJAX.

Tarihi

Fom ya shiga ƙa'idar HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, a rubuce tun HTML 2.0 na 1995, ko da yake burauzar Mosaic ta riga ta fara karɓar shi wajen 1993. A wancan zamani duk dannawa ɗaya tafiya ce sukutum: burauza ta kwashi abin da anka rubuta ta kai ma saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, saba ta gina sabon shafi daga sama har ƙasa ta maido. In harafi ɗaya ya kuskure a kalmar sirri sai a jira shafi ya dawo, sau da yawa akwatunan sun dawo wayam, a sake rubuta komai. Duk wanda ya zauna kafe a Sakkwato lokacin da ake sayen awa ɗaya a rubuta mai lamba a 'yar takarda ya san zafin wannan, kana kallon sandar lodi na rarrafe, lokacinka na ƙonewa, mai kafe na leƙowa yana cewa saura minti biyar Malam.

Magina shafuka sun fara da dabarar ɓoye, wato su sa wani ɗan shafi da ba a gani cikin babban shafi, shi ke zuwa saba ya dawo, musamman bayan Internet Explorer 3 ta kawo iframe a 1996. Ainihin abin ya fito daga Microsoft, wurin masu aikin Outlook Web Access da ke son akwatin wasiƙa ya riƙa sabunta kansa cikin burauza. Sun yi aikin wajen 1998, abin ya fito da sunan XMLHTTP tare da Internet Explorer 5 a 1999. Mozilla ta yi nata ta kira shi XMLHttpRequest, Safari ta bi a 2004, Opera kuma wajen 2005.

Shekaru kusan biyar abin na nan amma ba kowa ya damu da shi ba, sai da Gmail ta fito ran 1 ga Afrilu 2004, Google Maps ta biyo a Fabrairu 2005, mutane sunka ga ana jan taswira da linzami tana tafiya ba tare da shafi ya ƙyafta ba. A cikin watan Fabrairun nan ne Jesse James Garrett na kamfanin Adaptive Path a Amurka ya raɗa ma dabarar suna Ajax, shi suna kawai ya sa, kayan aikin sun riga shi. A 2006 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da daftarin farko na ƙa'idar XMLHttpRequest, a shekarar kuma John Resig ya saki jQuery, wani kayan aikin magina shafuka, wadda ta maida aikin layi ashirin ya koma layi uku. Harafin X na sunan Ajax XML yake nufi, wani tsarin shirya bayanai, amma a aikace JSON, wani tsarin daban wanda Douglas Crockford ya yaɗa, shi ya ci kasuwa. Tun 2015 manyan burauzoji sunka fara kawo fetch, sabuwar hanyar yin aikin XMLHttpRequest, sabbin fom da yawa da shi ake yi yanzu.

Yadda yake aiki

Mutum ya danna maɓalli, JavaScript, harshen shirye-shiryen da ke aiki cikin burauza, ta tare fom ɗin ta hana shi tafiya irin ta da, ta aika suna da kalmar sirri a bayan fage. Saba ta duba ta maido gajeruwar amsa, lamba 200 in daidai ne, galibi 401 in ba daidai ba. In an samu shiga saba ta aje kuki, wata 'yar shaida, a burauza don ta gane mutum gaba, in kuwa an kuskure sai jan rubutu ya fito ƙarƙashin akwatin, sunan da anka rubuta na nan bai goge ba.

Harshe

Nan ne aikin ya fi yawa. Ba a rubuta kalmomi kai tsaye cikin fom, kowace jimla ana ba ta lakabi, sannan kowane harshe da fayil nasa da ke cewa lakabi kaza ga fassararsa. Tsarin gettext na GNU, wanda ya fito 1995, haka yake tafiya, fayilolin JSON na yanzu ma haka. Harsuna na da lambobinsu: ha Hausa, ff Fulfulde, ar Larabci, fr Faransanci, en Turanci. Ana iya ƙara ƙasa, ha-NG da ha-NE, kuma wannan ba ado ba ne, don a Nijar ana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, ga shi ɗan kasuwar da ke tsallaka Illela zuwa Birnin Ƙonni wayarsa na iya zama a Faransanci alhali Hausa yake ji. Burauza kan faɗa ma saba harshen da anka saita ta wani layi mai suna Accept-Language, amma yawancin wayoyinmu a Turanci suke tun daga shago, shi ya sa maɓallin zaɓen harshe ya kamata ya tsaya a fili inda ido zai faɗa kansa, kuma a rubuta sunan kowane harshe da harshen kansa.

Kuskuren da anka fi yi shi ne a fassara "suna" da "kalmar sirri" da "shiga" da kyau, a mance da saƙon kuskure da ke fitowa daga saba, sai dattijo ya zaɓi Hausa ya kuskure harafi ɗaya, fom ya juya ya yi mai Turanci daidai lokacin da ya fi buƙatar ya fahimta. Maganinsa saba ta riƙa aiko lakabin kuskure kawai, burauza ta nemo jimlar daga fayil ɗin harshen da ke buɗe.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin Unicode, kundin haruffan duniya na kwamfuta, amma sai shafi da rumbun bayanai duk suna kan UTF-8, tsarin adana haruffan nan, in ba haka ba sunan Ɗahiru ya koma alamar tambaya ko wasu tarkacen alamomi. Larabci da Ajami daga dama suke farawa, don haka canja harshe na nufin a juya fom ɗin gaba ɗaya da dir="rtl", lambar Hausar Ajami kuwa ha-Arab ce. A Sakkwato, garin da Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, bai dace a ce Ajami ne ake barin sa ƙarshe ba.

Tsaro

Rashin sake lodi bai ƙara tsaro ko kaɗan. Dole a bi ta HTTPS mai ɓoye bayanai a hanya, a iyakance yawan gwaji, kuma a kowane harshe saƙon ya zama ɗaya, "suna ko kalmar sirri ba daidai ba", kada a faɗi wanne daga ciki.

Saɓani

Wasu na ganin fom ɗin shiga ya kamata ya yi aiki ko babu JavaScript, saboda burauzoji masu tsimin data irin Opera Mini na taƙaita ta, wasu na cewa zamanin ya wuce. Akwai kuma gardama kan sa tutar ƙasa a matsayin alamar harshe, tunda tutar Nijeriya ba ta nuna ko Hausa ake nufi ko Yarbanci ko Ibo.