Damfarar imel da dattawa sababbin shiga intanet

Damfarar imel ita ce yaudarar mutum ta saƙon imel domin a raba shi da kuɗinsa, ko kalmar sirrinsa, ko bayanan asusunsa na banki. Tana tafiya tare da saƙonnin tarkace, wato waɗanda ake watsa wa dubban mutane lokaci guda ba tare da sun nema ba. Ba duk tarkace ne damfara ba, da yawa talla ce kawai mai cika wa mutum akwati, sai dai a cikinsu ɗan damfara yake fakewa. Dattawan da suka fara hulɗa da intanet bayan sun manyanta suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna.

Asali

Saƙon tarkace na farko da aka sani an aika shi ranar 3 ga Mayu 1978, lokacin da Gary Thuerk na kamfanin Digital Equipment Corporation ya tura tallar kwamfuta ga mutum kusan 400 a ARPANET, kakar intanet ta yau. Sunan da Turawa suka laƙaba masa, spam, na wani naman gwangwani ne da kamfanin Hormel ya fitar a 1937. Wani wasan barkwanci na Monty Python a talabijin ɗin Birtaniya a 1970, inda ake ta nanata kalmar har ta danne kowace magana, shi ya mayar da ita sunan abin da ya ishi mutane.

Ita kuwa damfarar ta girmi imel nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19 an yi wasiƙun "fursunan Sifaniya": wai wani attajiri ne ke tsare, a taimaka da ɗan kuɗi a fito da shi, ya saka da dukiya mai yawa. Wannan dabara ce aka fi sani yau da 419, lambar sashen dokar laifuka ta Nijeriya da ya hana zamba. Abin da imel ya ƙara shi ne sauƙi. Da sai an sayi takarda da kan sarki ga kowace wasiƙa, yanzu ana aika miliyan kusan kyauta, kuma mutum ɗaya ya faɗa, riba ta samu.

Yadda ake ɗana tarkon

Mafi yawa shi ne saƙon da ke kwaikwayon banki, ko hukuma, ko kamfanin kai kaya. Yana zuwa da tambari sak irin na gaske, ya ce za a rufe asusu cikin sa'a 24 idan ba a latsa wani mahaɗi (link) da ke cikin saƙon ba. Mahaɗin yana kai mutum shafin bogi, duk abin da ya rubuta a can ya shiga hannun ɓarawo. Akwai na cin caca ko gado da sai an biya "kuɗin aiki" kafin a karɓa, da na jika da wai ya shiga matsala a tafiya, da na soyayyar ƙarya da ake raino wata da watanni. Wani kuma fayil yake maƙalawa mai ɗauke da cutar kwamfuta, kamar ILOVEYOU da ta bazu daga Filifin a Mayun 2000. Kusan dukkansu da gaggawa da ɓoye sirri suke aiki: yi yanzu, kada ka gaya wa kowa.

Me ya sa dattawa

Ba ƙarancin wayo ba ne, kuma rashin adalci ne a ɗauka haka. Wanda ya yi shekara sittin a duniyar da takarda mai tambari take nufin hukuma, ba laifinsa ba ne idan bai san cewa a imel yaro ma zai iya kwafo tambarin banki cikin minti ɗaya ba. Ga kuɗin fansho da ajiyar shekaru, ga kaɗaici ga wasu, ga ladabin da ke hana watsi da saƙon wanda ya yi sallama. Bayanan hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, sun nuna matasa sun fi yawan kai ƙarar asarar kuɗi, amma idan dattijo ya faɗa asararsa ta fi girma. Cibiyar karɓar ƙorafin laifukan intanet ta FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta ce a 2023 'yan shekara 60 zuwa sama sun kai ƙara fiye da 100,000, da asarar da ta haura dala biliyan 3.4, a kan damfarar intanet iri-iri. Wannan na waɗanda suka yi magana ne kawai, domin kunya tana rufe bakin da yawa, wasu kuma na tsoron 'ya'yansu su ƙwace musu ragamar kuɗinsu.

Kariya

Manyan masu ba da imel irin Gmail da Outlook suna tace mafi yawan tarkace kafin ya iso, Amurka kuma ta yi dokar CAN-SPAM ta taƙaita saƙonnin tarkace a 2003, amma doka ba ta cika kama wanda ke aikowa daga wata ƙasa ba. Saura ya rage ga mai akwatin. Banki na gaske ba ya neman kalmar sirri ta imel. Sunan da ya bayyana a saman saƙo ba shaida ba ne, cikakken adireshin ake dubawa. Idan saƙo ya tayar da hankali, a kira bankin ta lambar da ke bayan katin, ba wadda ke cikin saƙon ba, ko a nuna wa wani amintacce. Amsa wa ɗan damfara, ko da zagi ne, tabbatar masa ne cewa akwai mai karanta akwatin.

Idan an riga an faɗa, abu na farko shi ne sanar da banki da sauya kalmar sirri, kuma faɗan iyali a wannan lokaci ba abin da yake ƙarawa sai ɓoye-ɓoye. Ana sayar da sunayen waɗanda aka taɓa damfara tsakanin 'yan damfara, shi ya sa bayan 'yan makonni wani saƙo kan iso, wai daga lauya ko jami'in tsaro, yana alkawarin dawo da kuɗin da suka salwanta idan an biya wani abu tukuna.