Zaizayar kankare a bututun ƙazanta

Zaizayar kankare a bututun ƙazanta lalacewa ce da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa a manyan bututan ƙarƙashin ƙasa masu kwashe ruwan bayan gida a birane. Ɓarnar ta fi tsanani a rufin bututu, inda ruwa ba ya kaiwa amma laima ba ta yankewa.

Tarihi

Tun wajen 1900 aka lura da ita a magudanun Los Angeles ta Amurka, aka daɗe ana ɗauka aikin sinadarai ne zalla. Sai a 1945 C. D. Parker, mai bincike a birnin Melbourne na Ostireliya, ya ciro wata ƙwaya daga ruɓaɓɓen kankare ya raɗa mata Thiobacillus concretivorus, wato mai cin kankare. Daga baya aka gane ita ce wadda ake kira Acidithiobacillus thiooxidans a yau. Aikin nasa ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin shi ya nuna abu mai rai ne ke cin bututun.

Yadda take faruwa

Aikin na gayya ne. A cikin yauƙin da ke ƙasan ruwa, inda babu iska, ƙwayoyi irin su Desulfovibrio kan mayar da salfet zuwa iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sabon kankare yana da pH (ma'aunin tsami, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru) 12 zuwa 13, bakteriya ba ta iya zama a kansa. Iskar kan tashi daga ruwa zuwa rufin bututu ta sauko da pH ɗin zuwa wajen 9, rukunin farko na ƙwayoyi ya sauka a kan kankaren, ya share wa masu jure tsami hanya. Su kuwa asid na salfa suke fitarwa, har pH ya kusanci 1. Kankaren sai ya koma farin jifsam mai laushi, ana iya kankare shi da yatsa. A wurare masu zafi akan rasa milimita da dama a shekara.

Rigakafi

Dabarar ita ce a hana ƙwayoyin ci gaba tun daga tushe. Ana zuba naitiret domin wasu ƙwayoyin su rinjayi masu samar da iskar, ko gishirin ƙarfe ya kama salfaid a cikin ruwa. Masu bincike a Jami'ar Queensland sun gwada kashe yauƙin da asid na naitirait (nitrous acid) mai rauni lokaci-lokaci, kuma a 2014 sun nuna cewa alum da ake tace ruwan sha da shi babbar hanyar shigar salfet ce cikin magudanai.

Simintin kalsiyam aluminet ya fi jurewa. Masana ba su daidaita kan dalilin ba.