Me ake nufi da "mayar da ƙwayar halitta ɗanya"?

Kalmar "sitem sel" ta shiga bakin mutanen Kano, daga ɗaliban Jami'ar Bayero har masu tallar garin magani a WhatsApp. Asalin ma'anarta ita ce ƙwayar halittar da ba ta riga ta kama sana'a ba, wadda za ta iya rikiɗa ta zama ta jini, ta fata ko ta jijiya. Abin da ya girgiza masana shi ne gano cewa ƙwayar da ta riga ta nuna, ta kama aikinta, ana iya komar da ita wannan matsayi na farko. Wannan shi ne mayar da ita ɗanya, kuma John Gurdon, masani ɗan Ingila, shi ya buɗe ƙofar.

Tambayar da ya tarar ita ce: idan ƙwaya ta zama ta hanji, shin ta zubar da sauran umarnin gado da ke cibiyarta ne, ko ta kulle shi kawai? Kamar ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ya baje shadda kaɗai a gaban shago. Shin atamfa da leshi sun ƙare, ko suna sito? Tun daga 1952 wasu masana biyu a Amurka, Briggs da King, suka fara gwadawa da kwaɗi, daga baya sakamakonsu ya karkata ga cewa kayan na ƙarewa yayin da ƙwaya ke girma.

Gurdon, yana Oxford, ya ɗauki wani kwaɗon Afirka mai suna Xenopus laevis, wanda ke zuba ƙwai a kowane lokaci na shekara in an yi masa allurar sinadari. Ƙwan bai wuce milimita ɗaya da ɗan ɗori ba, samansa baƙi, ƙasansa fari-fari. Cibiyarsa tana kusa da fatar ɓangaren baƙin, don haka haske mai ƙuna na ultraviolet yana isa gare ta ya kashe ta ba tare da ya lalata sauran ƙwan ba. Sai a tsotsi ƙwaya ɗaya daga hanjin talibambam da tsinken gilashi wanda bakinsa ya ɗan fi ƙwayar ƙanƙanta. Matsin ya fasa fatarta, cibiyar ta tsira, a soka ta cikin ƙwan. Domin kada a ce cibiyar ƙwan ce ba ta mutu ba, ya yi amfani da kwaɗi masu wata alamar gado a cibiyarsu da ake gani a madubin ƙara girma.

A rahotonsa na 1962, cikin dashe 726, goma ne suka zama talibambam masu iyo. Kaɗan ne, amma sun isa hujja: kayan suna sito.

Me ya kashe sauran? Babban dalili shi ne gaggawa. Ƙwan kwaɗo yana fara rabewa cikin kamar minti 90, alhali cibiyar ƙwayar hanji ta saba da ɗaukar sa'o'i kafin ta kwafi DNA ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da umarnin gado. Sai a ja ta tun ba ta gama ba, zaren gadon ya tsinke. Na biyu, wasu makullan ba sa buɗewa, cibiyar ta ci gaba da tuna tsohon aikinta. Gurdon ya shafe shekarunsa na baya a Cambridge yana bin diddigin wannan tirjiya, kuma cibiyar bincike da ke can tana ɗauke da sunansa.

Daga nan sai tunkiya Dolly a 1996, a Cibiyar Roslin ta Scotland, wadda aka samar ta hanyar dasa cibiyar ƙwayar hantsa a cikin ƙwai, ita kaɗai cikin gwaji 277. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ba sai da ƙwai ba. Ya tace ƙwayoyin gado 24, wato sassan umarnin gado, har suka koma huɗu, Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc, waɗanda suka mayar da ƙwayar jikin ɓera ɗanya. A 2007 ya maimaita da ta mutum. Shi da Gurdon suka raba kyautar Nobel a 2012, shekara hamsin cif bayan rahoton kwaɗin. Gurdon ya rasu a 2025.

Hanyar Yamanaka ma tana da haɗarinta. Ƙasa da ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin ne ke komawa, c-Myc yana da alaƙa da sankara, kuma ɗanyar ƙwaya da aka sa a jiki ba a horar da ita ba tana iya zama ƙari mai haɗe da gashi da ƙashi. Shi ya sa sai a 2014 aka fara dasa wa mutum irinta, a idon wata dattijuwa a Japan, bayan an mayar da ita ƙwayar ido tukuna.

Iyayen masu sikila su lura da bambanci. Dashen ɓargo yana amfani da uwar ƙwayoyin jini ta wani mutum da jininsa ya dace, galibi ɗan'uwa na jini, ba ƙwayar da aka mayar ɗanya ba. Garin da ake damawa a kofi ana kiransa sitem sel kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Ƙwaya mai rai ba ta zama a leda a zafin Kano, in ma ta zauna, ciki zai narkar da ita kamar tuwo.