Tsaftace mariƙin firji da kashe ƙwayoyin cutar da ke kansa

Mariƙin firji shi ne hannun da ake kamawa a buɗe ƙofar firji ko firiza. Masana kiwon lafiya suna lissafa shi cikin wuraren da hannu ya fi yawan taɓawa a gida, tare da kan famfo, makunnin wuta da mariƙin ƙofar ɗaki. Abin da ya sa nasa ya fi damuwa shi ne ana kama shi a tsakiyar girki, hannu da danshin nama, wanda zai kama shi bayan nan kuwa sau da yawa abin da zai kai baki kai tsaye yake nema, kamar ruwan sanyi, dabino ko kankana.

Yadda ƙwayoyin cuta ke isa wurin

Sanyin firji a ciki yake, inda ake so ya tsaya ƙasa da digiri 5. Mariƙi kuwa a waje yake, cikin ɗumin kicin, ga maiƙo da gumin hannu. Ɗanyar kaza kan ɗauko ƙwayoyin cutar da ake kira salmonela da kamfilobakta, ɗanyen naman sa da na rago kan ɗauko wasu nau'o'in ikolai, kuma dukkansu suna jawo gudawa da ciwon ciki, wani lokaci har da zazzaɓi. Akwai kuma norobairos mai sa amai da gudawa, wanda yake fitowa daga hannun marar lafiya, yana iya kwanaki a kan roba ko ƙarfe bai mutu ba, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da mutum. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da cuta ta hanyar gurɓataccen abinci kowace shekara, 420,000 kuma su rasu, cikinsu har da yara 125,000 'yan ƙasa da shekara 5. Ba mariƙin firji kaɗai ke da alhakin wannan ba, amma yana cikin hanyoyin da cutar ke bi daga ɗanyen nama zuwa dafaffen abinci.

A gidajen Hausawan Makka, Madina da Jidda

Zafin bazara a Makka kan wuce digiri 40, don haka firji ba ya hutawa. A gidan da iyali suke da yawa, yaro ya shigo daga makaranta ya nufi gorar ruwa, baƙo ya zo a ɗauko masa zamzam mai sanyi, uwargida ta fito da kaza daga firiza don dafa kabsa, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, da rana. Ta yayyanka kazar, sai ta tuna tumatir na ciki, ta miƙa hannu ta buɗe. Ba a jima ba ta ce wa 'yarta: "Ummi, ɗauko wa Baba laban a firji." Hannun Ummi ya sauka daidai inda na mahaifiyarta ya tashi.

Lokaci biyu aka fi samun haka. Da azumi, dab da magariba, ana haɗa naman sambusa, ana fito da sobiya da kunu, kowa na gaggawa. Sai Babbar Sallah, lokacin da naman layya ke shiga firiza leda bayan leda, jini na ɗiga a hannu. Masu yin tsire a gida ma sun san yadda ƙuli da mai suke mannewa a duk abin da suka taɓa.

Wanki daban, kashe ƙwayoyi daban

Nan ne aka fi kuskure. Mutum ya fesa magani a kan mariƙi mai maiƙo, ya goge nan take, ya ɗauka ya gama. Maiƙo yana rufe ƙwayoyin cuta, yana kuma rage ƙarfin kulorin, wato sinadarin bilic mai kashe su, saboda haka sabulu ne farko. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a matse, a goge gaba da baya. Bayan mariƙin shi ne ainihin wurin, domin nan 'yan yatsu ke naɗewa, ido kuma ba ya kaiwa. Wanda ya zura yatsa a can a firjin da ya kwana biyu zai ji wani danƙo baƙi-baƙi. Haka ma lungun da mariƙi ya haɗu da ƙofa, da kwarmin firjin da aka yi masa mariƙi a cikin gefen ƙofa. Tsohon buroshin haƙori da aka ware don wannan aiki yana fito da dattin. Sannan a ɗauraye, a share ruwan.

Sai kashe ƙwayoyi. Ruwan kulorin na wanki irin su Clorox yawanci ƙarfinsa kusan kashi 5 cikin ɗari ne. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kashi 0.1 cikin ɗari don goge wuraren da ake taɓawa, wato mililita 20 na wannan ruwan kulorin, kimanin ƙaramin cokalin shayi 4, a cikin lita 1 ta ruwa marar zafi. A shafa, a bar wurin a jiƙe aƙalla minti 1. Wannan jiran shi ne aikin, kuma shi ake yawan tsallakewa. Haɗin yana rasa ƙarfi bayan kwana guda, don haka kaɗan ake haɗawa. Sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari ma yana yi, yana bushewa da wuri, sai dai bai kai kulorin tasiri a kan norobairos ba. Ruwan khal da lemon tsami suna cire maiƙo da ƙarni, amma ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Idan mariƙin na ƙarfe marar tsatsa ne, a ɗauraye kulorin da ruwa bayan mintin ya cika, a busar, domin idan ya daɗe a kai yana cin ƙarfen ya bar ɗigo-ɗigo. Kada a sa soson ƙarfe, yana karce wurin, datti ya samu mazauni. Firjin da ke da maɓallai ko wurin tarar ruwa a ƙofa, a tsumma ake zuba magani, ba a fesa masa kai tsaye.

Tsumman da ya share katakon yankan nama bai kamata ya kusanci mariƙi ba. A ware masa nasa, a wanke a shanya, ko a yi amfani da tishu a yar.

Sau nawa

Sabulu da ruwa sau ɗaya a rana, bayan an gama girki, sun wadatar a gidan da kowa lafiya. Kulorin ko sifirit ana buƙatarsu ne bayan aikin ɗanyen nama, kaza ko kifi, da kuma idan wani a gida yana amai, gudawa ko mura. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin a buɗe firjin yana rage aikin tun daga tushe.

Haɗarin da ke cikin maganin

Ba a haɗa kulorin da ruwan khal, ko ruwan wanke masai mai asid, ko wani abu mai amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, kuma kicin ɗin da aka rufe tagoginsa saboda na'urar sanyaya ɗaki ya fi haɗari. A buɗe taga, a sa safar hannu. Kada a taɓa zuba haɗin a gorar ruwan sha, domin yaro mai ƙishirwa ba zai bambance ba. Firjin da ke jan mutum idan aka taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu kuwa, a cire shi daga wuta kafin a goge, a kira mai gyara ya duba wayarsa.