Gwada ƙarfin wuƙa da iyakar garanti: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, kuma galibi ba a zuwa da su sai bayan aikin gama ya gama, wuƙa ta riga ta karye. Bari in rubuta su wuri guda, mai buƙata ya karanta.

Wuƙata ta dakushe bayan wata biyu. Garanti zai ɗauka?

A'a. Ka wasa ta. Duk wuƙar da ake aiki da ita sai ta dakushe, ko da wane ƙarfe aka ƙera ta.

An rubuta ba ta tsatsa, ga shi ta yi ɗigo-ɗigo.

Ƙarfen da ake kira marar tsatsa shi ne mai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam. Jure tsatsa yake yi, bai gagare ta ba. In ka bar shi ya kwana da ruwan gishiri ko wani abu mai tsami a jikinsa, zai nuna maka. Ka wanke, ka goge, ka ajiye a bushe, kuma kada ka sa ta a injin wanke kwanuka. Wannan ba laifin maƙeri ba ne.

Zan iya gwada ta da saran ƙusa ko bulo, kamar yadda nake gani a bidiyo?

Haba malam! Ka sa kuɗinka ka sayi abu, sannan ka lalata shi don ka gane ko yana da kyau? Masu gwaji na gaskiya ba haka suke yi ba. Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, tana da jarrabawa mai tsanani: a tsinke igiya mai kaurin inci 1 tana rataye da sara ɗaya, a sare katako har sau biyu, bakin wuƙar ya ci gaba da aske gashin hannu, sannan a matse ta a lanƙwasa ta digiri 90 ba tare da ta rabe biyu ba. Amma wuƙar da aka yi wa wannan, don jarrabawar aka ƙera ta, kuma daga nan ta gama aiki. Gwanintar maƙerin ake aunawa. A Sheffield ta Ingila kuwa, cibiyar CATRA mai binciken wuƙaƙe inji take sawa ya riƙa yanka kwalin da aka cuɗa da kashi 5 cikin ɗari na garin yashi, a auna zurfin da wuƙa ta ci kafin ta dakushe.

Kai a gida abin da ya dace da kai kaɗan ne. Ka yanka takarda ka ga ko tana sarƙewa a wani wuri. Ka ɗaga ta ka hanga daga ƙota zuwa tsini ka ga ko a miƙe take. Ka girgiza ƙotar. Sauran gwajin, aikin da aka yi ta dominsa shi zai yi maka.

Lambar HRC ɗin nan fa? Wadda ta fi yawa ita ce ta fi kyau?

A'a. Ma'aunin tauri ne: ana danna tsinin daimon a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150, a duba zurfin da ya shiga. Wuƙaƙen girki na Jamus sukan tsaya wajen 56 zuwa 58, na Japan kuma 60 zuwa sama. Mai tauri ta fi riƙe kaifi amma ta fi saurin ɓantarewa. Mai ɗan laushi ta fi saurin dakushewa amma ta fi haƙuri da ganganci. Ka zaɓi wadda ta dace da hannunka.

Ta karye ina cikin aiki. Maƙerin ya ce laifina ne, ni na ce nasa ne. Wa ke da gaskiya?

To, nan ne ake jin jiki, kuma ba na yanke hukunci sai na riƙe guntayen a hannuna. Kada ka yar da su, kada ka goge wurin da ya karye, kada ka yi ƙoƙarin wasa shi. Shaidarka tana nan.

Ka kai fuskar karayar gaban haske ka duba da kyau. In ta yi sumul, ruwan toka, ƙwayoyinta ƙanana har ido ba ya rabe su, to mai yiwuwa an gasa ƙarfen yadda ya kamata, ƙarfi ne kawai ya fi ƙarfinsa. In kuwa ka ga ƙwayoyi manya-manya suna ƙyalli kamar yashi, alama ce wuta ta yi masa yawa wurin ƙira, kuma irin wannan ƙarfen karyewa yake yi ba gargaɗi. Akwai na uku, wanda ya fi kowanne faɗin gaskiya: wani ɓangare na fuskar ya yi duhu ko tsatsa, sauran kuma fari fat. Duhun nan tsohuwar tsaga ce. Tana iya kasancewa tun ranar da aka tsoma ƙarfen da zafinsa a mai ko a ruwa, tana ci a hankali har ranar da ta ƙarasa. Na ce "tana iya", domin kai ma kana iya tsaga ta a wani ganganci na baya ka manta, ruwa ya yi ta shiga wurin.

Sai a dubi inda ta karye. In tsini ne ya ɓalle, galibi an sa shi an ɓamɓari wani abu ko an kwance sukuru da shi. An taɓa kawo mini wata, mai ita yana rantsuwa yanka kawai yake yi, alhali ga fenti maƙale a gefen tsinin, irin na murfin gwangwani. Na nuna masa, ya yi shiru. Giɓi a baki kuma yakan fito daga ƙashi, daskararren nama, ko yanka a kan gilashi da dutse, musamman in an murɗa wuƙar tana cikin abin. Amma in ta karye daidai inda ƙarfe ya shige ƙota, kuma a wurin akwai kusurwa mai kaifi da ba a zagaye ta ba, ina karkata ga mai saye, don nan ne duk nauyi ke taruwa, kuma maƙeri ya san haka.

Abu na ƙarshe da nake dubawa shi ne abin da aka ce maka lokacin sayarwa. In kamfani ya yi talla yana dukan bayan wuƙarsa da sanda yana faskara itace, kai ma ka yi haka ta karye, a ganina ba shi da bakin cewa ka wulaƙanta ta. Shi ya nuna maka. In kuwa siririyar wuƙar yanka ce ka sa ta aikin gatari, ka haƙura, ɗan'uwa. Tsakanin waɗannan biyun akwai shari'o'in da ba sa fita fes, laifi kaɗan nan kaɗan can. A irinsu maƙerin kirki yakan sake fitar maka da tsini ko ya rage maka a kan sabuwa, kuma in an yi maka tayin haka, ka karɓa.

Na kai an wasa ta a inji, bakin ya koma shuɗi.

An ƙona ta. Zafin injin ya kashe taurin wurin, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye ƙarfen har an wuce inda ya ƙone. Wanda ya wasa za ka nema.

To me garanti ya kamata ya ɗauka?

Aibin ƙarfe da aibin aikin hannu. Tsaga daga maƙera, gashin ƙarfe a wuta da bai yi daidai ba, wuƙar da ta zo a karkace, ƙotar da ta saki ko ƙusoshinta suka fita ba a buga ta da komai ba, makullin wuƙar naɗewa da ke sakewa da kansa. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi ko kwana ɗaya, yatsunka ne a hanya. Kwantar da hankalinka, irin waɗannan aibobin yawanci da wuri suke bayyana, kuma maƙerin da ya san darajar sunansa ba ya jayayya a kansu. A ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ta ba mai saye aƙalla shekara 2 a kan kayan da suka zo da aibi, ko kamfani ya rubuta ko bai rubuta ba.

Amma nawa an rubuta "na har abada".

Aibin ƙira ne aka ɗauka har abada. Dakushewa, tsatsa, sirancewa saboda yawan wasawa da ɓatarwa duk naka ne. Ka karanta takardar kafin ka biya, kuma ka adana rasit.