Wasannin Bowl da rigimar gasar jami'o'in Amurka: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Duk shekara, da zarar Disamba ta kama, sai tambayoyi iri ɗaya su dawo mini daga 'yan'uwa da abokai da suka fara bibiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i, wasu don suna karatu a can, wasu don 'ya'yansu na can, wasu kuma don sun ci karo da wasan a talabijin da tsakar dare ya shiga ransu. Na amsa su har bakina ya gaji. Ga su nan a wuri guda, kuma ina roƙon a karanta kafin a sake tambayata.

Wannan wasan shi ne irin na Firimiya?

A'a. Wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ne, 'yan wasa sanye da hular kwano, ya fi kusa da zari-ruga. Kuma ba NFL ba ce, wato gasar ƙwararru ta Amurka, ɗaliban jami'a ne ke bugawa.

To mene ne Bowl?

Kwano kalmar take nufi, saboda filin wasa na Rose Bowl da ke Pasadena a jihar Kalifoniya siffar kwano gare shi. Wasa ne guda ɗaya da wani gari ke shiryawa bayan an kammala kaka, ya gayyato jami'o'i biyu. An buga na farko ranar 1 ga Janairun 1902, Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema. Orange Bowl a Miami da Sugar Bowl a New Orleans sun biyo baya a 1935, Cotton Bowl a Dallas a 1937. Yanzu akwai kimanin arba'in, kuma galibi nasara shida cikin wasa goma sha biyu ta isa a samu gayyata.

Da gaske an zalunci Florida State a 2023?

An zalunce ta, kuma ba na sassauta murya a kan wannan. Ta ci wasanninta goma sha uku duka, ta ɗauki kofin lig ɗinta na ACC. A watan Nuwamba jagoran wasanta mai jefa ƙwallo, Jordan Travis, ya karye a ƙafa, amma duk da haka ta doke Florida da mai maye masa gurbi, sannan ta doke Louisville da ci 16 da 6 da yaro na uku a layi. Ranar Lahadin da kwamitin zaɓe ya bayyana huɗun da za su fafata a gasar fitar da zakaran ƙasa, na ga yaran a talabijin zaune a ɗaki guda suna jira, da aka nuna sunan Alabama sai kawuna suka sunkuya. Kwamiti ya ce ƙungiyar da ba Travis ba ita ce wadda ta ci wasannin ba, ya ɗauki Michigan da Washington da Texas da Alabama, alhali biyun ƙarshe kowace ta taɓa shan kashi.

Kada kuma wani ya kawo mini hujjar cewa Georgia ta ci su 63 da 3 a Orange Bowl. Manyan 'yan wasan Florida State da dama sun ƙi buga wannan wasa bayan abin da aka yi musu. Ba a hana mutum haƙƙinsa sannan a kafa hujja da abin da ya same shi bayan an karya masa gwiwa.

Me ya sa ba za a yi teburi kawai ba, wanda ya fi maki ya ɗauki kofi?

Saboda jami'o'in da ke matakin sama sun haura 130, kowace kuma wasa goma sha biyu take bugawa, don jikin ɗan Adam ba ya ɗaukar wannan wasa fiye da sau ɗaya a mako. Mafi yawansu ba za su taɓa haɗuwa ba. Tushen rigimar ke nan tun fil azal, wanda bai fahimci wannan ba kuwa ba zai fahimci sauran ba.

Shekaru da yawa ƙuri'a ce ke naɗa zakara: ta 'yan jarida da kamfanin dillancin labarai na AP ya fara a 1936, da ta masu horarwa da ta zo a 1950. Idan suka saɓa sai a wayi gari da zakaru biyu, kamar Michigan da Nebraska a 1997. A 1998 aka kawo tsarin BCS, aka haɗa ƙuri'a da lissafin kwamfuta don fitar da biyun da za su buga wasan ƙarshe, sai ga shi a 2003 an sake raba kofi tsakanin jami'o'in LSU da USC, a 2004 kuma Auburn ta gama kaka ba a doke ta ba aka bar ta a waje. A 2014 aka koma gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu da kwamitin mutum goma sha uku ke zaɓa, a 2024 aka faɗaɗa zuwa goma sha biyu.

Ƙungiyar da nake goyon baya ta sha kashi sau biyu. Yaya zan gane ko za ta shiga cikin sha biyun?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya yaudararka yake yi. Ka kwantar da hankalinka tukuna: shan kashi biyu ba ya kashe kaka a wannan tsari. Ohio State ta faɗi sau biyu a 2024, har da kashin da Michigan ta ba ta 13 da 10 a filin Ohio State a ƙarshen Nuwamba, ta shiga a matsayi na takwas, ta ɗauki kofin bayan ta doke Notre Dame da ci 34 da 23 a Atlanta.

Abu na farko da za ka duba shi ne ko ƙungiyarka na iya lashe lig ɗinta. A kakar 2024 da ta 2025, kujeru biyar na zakarun lig biyar ne da suka fi matsayi a jerin kwamiti, sauran bakwai kuma zaɓin kwamiti ne. Clemson ta bi ta wannan ƙofa a 2024 da shan kashi uku. Amma ko wannan ba tabbas ba ne, domin a 2025 Duke ta lashe ACC da shan kashi biyar, aka tsallake ta aka ɗauki Tulane da James Madison daga ƙananan lig-lig. Ƙa'idar nan kuma ana taɓa ta kusan kowace shekara, saboda haka ka nemi ta shekarar da kake ciki, kada ka dogara da ta bara.

Idan kofin lig ya kuɓuce, to ka faɗa hannun kwamiti, kuma a nan ne lissafi ke rikicewa. Abin da suka ce suna dubawa shi ne ƙarfin abokan karawarka, da sakamakon karawa kai-tsaye tsakanin ƙungiyoyin da ake kwatantawa, da yadda kowace ta yi da abokan karawa iri ɗaya, da kuma ko an rasa wani muhimmin ɗan wasa ko koci. Ba su taɓa faɗin wanne ya fi wanne nauyi ba, kuma a ganina nauyin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. A 2024 sun ɗauki jami'ar SMU mai nasara 11 da faɗuwa 2, wadda abokan karawarta ba su da ƙarfi sosai, suka bar Alabama mai nasara 9 da faɗuwa 3, wadda ta sha kashi a hannun Vanderbilt da Oklahoma. Da ka ga haka sai ka ce yawan faɗuwa ne ma'auni. Shekara guda bayan nan sai ga Alabama ta shiga da faɗuwa uku, Notre Dame mai faɗuwa biyu kuma ta tsaya a waje, duk da ta ci wasa goma a jere bayan ta faɗi biyun farko. Abin da ya fi ƙona magoya bayanta shi ne makonni kwamiti yana ajiye ta a gaban Miami, sai a jerin ƙarshe ya juya su, alhali babu wadda ta buga wasa a wannan makon, ya ce ai Miami ta doke ta a wasan farko na kaka. Hujjar gaskiya ce, amma tana nan tun watan Agusta.

Saboda haka ga abin da zan iya ba ka, kuma ka riƙe shi da sassauci. Ƙungiyar da ke SEC ko Big Ten, wato manyan lig biyun, mai faɗuwa biyu galibi tana da kyakkyawan fata, musamman idan ta doke wata babba kuma ba a wulakanta ta a faɗuwar ba. Ta lig ɗin ACC ko na Big 12 mai faɗuwa biyu tana kan siraɗi, sai ta duba wa ke kusa da ita a jeri da kuma ko sun taɓa haɗuwa. Ta ƙananan lig-lig kuwa, in ba kofin lig ba, kusan babu hanya. Faɗuwar Satumba ta fi sauƙin yafewa a kan ta Nuwamba, sai dai idan wadda ta kayar da kai ita ce kuke takarar kujera ɗaya da ita. Jerin da ake fitarwa kowace Talata daga farkon Nuwamba kuma ka ɗauke shi a matsayin hasashe, na Lahadin farkon Disamba ne kaɗai hukunci.

Ƙarfe nawa ake buga wasan ƙarshe a agogon Nijeriya da Nijar?

Tazarar awa shida ce da gabashin Amurka a lokacin sanyi. Wasan bakwai da rabi na yamma a can, ɗaya da rabi na dare ne a nan, kuma yana cin fiye da awa uku.

'Yan wasan da ke ƙin buga Bowl ba butulci suke yi wa jami'arsu ba?

Wannan maganar tana ɓata mini rai. Ranar 1 ga Janairun 2016, Jaylon Smith na Notre Dame, wanda ake sa ran za a ɗauka cikin na farko-farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL, ya buga Fiesta Bowl ya lalata gwiwarsa. Ya faɗo zagaye na biyu, miliyoyin daloli suka salwanta. A ƙarshen shekarar Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na LSU suka janye daga nasu wasannin, aka yi ta zaginsu. Masu zagin ba sa cewa uffan idan koci ya bar yaransa a farkon Disamba ya tafi inda aka ƙara masa albashi, abin da ke faruwa kowace shekara. Yaron da wataƙila shi ne fatan danginsa gaba ɗaya babu mai binsa bashin gwiwarsa a wasan da babu kofi a cikinsa.

Na yarda abin yana rage armashi. A 2024 Marshall ta janye daga Independence Bowl baki ɗaya saboda kocinta ya tafi kuma 'yan wasa da yawa sun nemi sauya sheƙa. Amma laifin na masu tsara kalanda ne da suka cusa sauya sheƙa da ɗaukar koci cikin kwanakin wasa.

Idan za a faɗaɗa gasar, ƙungiyoyi sha shida ko ashirin da huɗu, wanne ya fi?

Yawan ba shi ne ya fi damuna ba, yadda za a raba kujerun ne. Big Ten ta tura shawarar sha shida inda ita da SEC kowace za ta samu kujeru huɗu tabbatattu, ACC da Big 12 bibbiyu, ƙananan lig-lig ɗaya, a bar uku ga kwamiti, daga baya kuma ta fito da maganar ashirin da huɗu. Ɗaya ɓangaren na son zakaru biyar da zaɓin kwamiti goma sha ɗaya. Masu son kujeru tabbatattu suna cewa hakan zai rage ikon kwamiti, kuma bayan duk abin da na faɗa a sama ba zan ce ba su da hujja ba. Sai dai gudun gara ne a faɗa wa zago. Kwamiti yana kuskure bayan an buga wasa, wannan tsari kuwa yana raba kujeru tun ba a taɓa ƙwallo ba, kuma yana raba su ne ga lig biyun da suka fi kuɗi, waɗanda tuni suka kwashe USC da UCLA da Oregon da Washington da Texas da Oklahoma a 2024, lig ɗin Pac-12 ya wargaje. Yarjejeniyar nuna gasar da aka yi da tashar talabijin ta ESPN ta kai kimanin dala biliyan 1.3 a shekara daga 2026, kuma fiye da rabin rabon na waɗannan biyun ne.

Ni sha biyu ta ishe ni. Ta ba Indiana, wadda ta daɗe cikin jami'o'in da suka fi shan kashi a tarihin wasan, damar lashe kofin kakar 2025 ba tare da an doke ta ba. An kuma gyara babban kuskurenta: a 2024 zakarun lig huɗu ne aka ba hutun zagayen farko, Oregon da Georgia da Boise State da Arizona State, duka huɗun suka faɗi a wasansu na farko, a 2025 aka mayar da hutun ga huɗun saman jeri. A tuna kuma Ohio State da Notre Dame wasa goma sha shida-shida suka buga a kakar 2024. Ɗalibai ne, duk da tun 2021 an ba su damar samun kuɗi da sunansu, kuma tun 2025 jami'o'i na biyansu kai-tsaye. Kowane ƙarin zagaye a jikinsu yake sauka.

Ƙananan wasannin Bowl suna da sauran amfani?

Ga mai kallo daga nesa, wataƙila kaɗan. Manyan shida, wato Rose da Sugar da Orange da Cotton da Fiesta da Peach, sun zama filayen kwata-fainal da wasan kusa da na ƙarshe, saura kuma sun koma cike gurbin talabijin a ranakun hutu. Amma mafi yawan yaran da ke bugawa ba za su taɓa ganin NFL ba. Ga ɗan shekarar ƙarshe a jami'ar da ta ci shida ta faɗi shida, tafiyar kwana huɗu ko biyar zuwa El Paso ko Shreveport tare da abokansa, iyayensa na zaune a cikin 'yan kallo, ita ce rana ta ƙarshe da zai saka hular kwano a rayuwarsa. Ƙananan 'yan wasa kuma suna samun ƙarin makonnin atisaye da za su amfane su a kaka mai zuwa. Idan wasan bai burge ka ba ka kashe talabijin, amma kada ka ce a soke shi.