Jinya da Haske da Fargabar da Kan Biyo Bayanta

Jinya da haske hanyar magani ce da ake zaunar da mutum kusa da fitila mai ƙarfin lus 10,000 (lus shi ne ma'aunin ƙarfin haske), yawanci minti 20 zuwa 30 da sassafe. Ba a ƙura mata ido. Ana ajiye ta gefe kan tebur, mutum na karyawa ko karatu, hasken na shigar masa ido a kaikaice. Jinyar ta yi suna bayan 1984, shekarar da Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka fayyace ciwon damuwar da ke kama mutane da hunturu a ƙasashen da yini ke gajarta. Daban take da shuɗin hasken da ake sa wa jarirai masu shawara.

Idan haske mai ƙarfi ya shiga ido, saƙo kan tafi wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwa da ke riƙe da agogon jiki, sai sinadarin melatonin mai kawo barci ya ragu, mutum ya wartsake. Wartsakewar ce kan wuce gona da iri a jikin wasu: gaba na faɗuwa, zama ya gagara, ƙaramar magana ta harzuƙa mutum, kamar wanda ya sha gahawa ba komai a cikinsa. A binciken da Michael Terman da Jiuan Terman suka wallafa a 1999 kan mutum 83 da aka yi wa wannan jinya, kusan kashi 9 cikin 100 sun yi kukan wannan rashin natsuwa, tashin zuciya kuwa ya fi shi yawa. Akasari abin mai sauƙi ne, kuma kwana kaɗan yake yi. Rage mintuna ko ja da kujera baya kan isa.

Inda ake taka tsantsan sosai shi ne mai ciwon da kan kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi cikin damuwa. Hasken na iya tayar masa da zumuɗin, barci ya ƙaurace, baki ya ƙi rufuwa, don haka sai da sa idon likita. Haka ma mai ciwon ido da mai shan maganin da ke sa jiki ƙin haske.

A Makka da Jidda yini ba ya gajarta sosai, shi ya sa damuwar hunturu ba ita ce ke damun Hausawan can ba. Abin da ya fi yawa shi ne juyewar barci: a raba dare ana hira ko aiki, musamman da azumi, a wuni a ɗaki labule a sauke, na'urar sanyi na kaɗawa. Wanda ya kunna fitilar bayan isha'i ya ƙara tura barcinsa gaba ne, rashin barci kuma shi kansa kan haddasa fargaba. Hasken rana a Hijaz, yankin da Makka da Jidda suke, da tsakar rana kan kai lus 100,000, kuma fita waje da hantsi kan ba ido hasken da ya kai na fitilar ko ya zarce.